Leda a Kujerar Inna

Har yau in na hango motar nan ƙirar Koriya a titin Abuja, doguwar nan mai sulɓi da manya ke shiga, sai in ji kamar na tsinci ƙuda a cikin kununa. Motar ba ta yi mini komai ba, ƙarfe ce da roba. Amma sau uku yayana yana sayen irinta, uwa da 'ya da jika kamar yadda shi da kansa yake faɗa, kuma a kan idona ƙirarta ta yi ta canjawa, shi ma yana canjawa tare da ita.

Sai na fara da Inna, mahaifiyarmu, don in ba ita ba babu labarin. Yaya ɗan farinta ne, ita kuma irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yayanki", in kuwa yana wurin sai ta ce "kai" tana kallon bango. Ba ta yabonsa, ba ta dafa shi, ko jarrabawa ya ci iyakarta ta ce "to, madalla" ta ci gaba da tankaɗe. Ni ce auta, ni na kwashe goyo da shagwaɓa. Shi kam duk son da take yi masa a ciki ya tsaya, bai sami ƙofar fita ba sai da mota ta zo.

Farkon dawowar mulkin farar hula ne. Yaya ƙaramin jami'i ne a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a ɗaki biyu a Eriya Wan cikin Garki, ni kuma ina raɓe a wurinsa ina koyarwa a wata sakandare. Wani injiniya ɗan Koriya ya gama aikin gini zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da tsohuwar motarsa. Baƙa ce, mai kusurwa huɗu kamar adakar amare, kujerunta na karan-miski ruwan toka, da rediyo mai cin kaset yana amayo zare. Abokan aikinsa suka sa shi gaba da tsiya, wai gwangwanin Koriya ya kwaso, in aka jingina da ita za ta lotsa. Shi kuma ya dage yana kare ta, wai da hannun Japanawa aka ƙera ta, kuma a can ƙasarsu shugabannin kamfani ne kaɗai ke shigarta. Lokacin in yana wannan bayani dariya yake yi, har da kansa yake yi wa dariyar.

Ranar Asabar ta farko muka kai ta Keffi, gida. Inna ta fito da mayafinta, ta zagaya motar. Yaya ya buɗe mata ƙofar baya ta dama, wurin zaman mai mota, wanda 'yan Abuja ke kira onas kona. Ta zauna. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan kujerar tana shafawa a hankali, tana sake shafawa, yadda ake shafa kan yaron da ya dawo daga tafiya.

"Allah ya sa rai aka yi wa," in ji ta. "Allah ya tsare gaba da baya."

Na ga idon Yaya ta madubi, ya cika taf. Shekarunsa duka yana jiran hannun nan, ga shi ya sauka, ko da a kan kujera ne. Ya ja motar ya zagaya da ita gari, ita kuma da ba ta son nuna kai, ranar sai da ta ce a bi ta unguwar ƙawayenta. Daga nan abin ya zama doka a gidanmu: duk motar da Yaya ya yi, Inna ce za ta fara zama a baya ta sa albarka. Wannan shi ne abin alfaharinta guda ɗaya a duniya, kuma ko shi ba da baki take yi ba.

Adakar nan ta yi bauta. Ta ɗauki ragon layya, ta ɗauki matar maƙwabci tana naƙuda, ta ɗauki kayan aurena. Duk dawowarmu daga Keffi sai mun tsaya a Uke, bakin hanya, wurin wata manomiya mai sayar da doya, mai Hausar nan da ba ruwanta da mace da namiji.

"Oga, motarka ya yi kyau," takan ce. "Zuba masa doya ya ji nauyi."

Yaya ya yi ta dariya, a cika but, ragowar a jera a kujerar baya da ƙasarta da komai. In mun iso Garki ya karkaɗe da tsumma, shi ke nan.

Sai kuɗi suka fara yawo a gari. Wanda bai zauna Abuja a shekarun nan ba ba zai gane ba. Ka kwana ka tashi ka ga bene ya tsiro inda jiya ake noman dawa, otal-otal sun cika da taron bita, kowa na tafe da waya biyu yana cewa yana mitin. Yaya ya zama mataimakin darakta, ya bar Garki ya koma unguwar da ba a jin kukan akuya. Ya sayar da adaka, ya kawo 'yarta.

Ita wannan ta yi kumatu. Duk kusurwoyin nan an goge su, ta zama mai zagaye, ruwan azurfa, da katako mai sheƙi a gaban direba, da baƙaƙen kujerun fata da ake matsarwa da maɓalli. Ba sabuwa ba ce, wani ya ɗan taka ta a waje kafin ta iso, amma ba mai ganewa. Bayanin Yaya ma ya canja. Yanzu wai Koriyawa sun yaye kansu daga Japan, injin nasu ne, fasalin nasu ne, nan gaba kaɗan za su taka wuyan Jamus. Kana jinsa ka ce a zauren gidanmu aka ƙera ta. Dariyar ce dai ta ɓace. In wani ya ce gwangwani, sai ya sha toka ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar mutumin. Ya ɗauki direba, wani dattijo mai shiru, shi kuma ya koma baya yana karanta jarida, tumbinsa ma ya fara kumatu irin na motar.

Duk da haka ya kai ta Keffi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya bar wa Inna kusurwarta, ya koma gaba kusa da direba, kujerar mai zaman banza. Ta shafa, ta sa albarka, aka zagaya gari. Amma da ta fita ta shige gida, sai na ga ya zaro hankici yana goge daidai inda hannunta ya bi, don ta shafa man kaɗanya. Ya goge, ya duba ta gefen haske, ya sake gogewa. Na ce bari dai, sabon shiga ne.

A hanyar dawowa muka iso Uke. Manomiyar nan ta gane shi, ta taho da sauri da doya a kafaɗa tana washe baki. Bai ko sauke gilashi ba, ya ce wa direba a wuce, wai doya tana kawo ƙasa da kyankyasai.

"Yaya," na ce, "da doyar nan fa aka gina tumbin nan."

Bai sake yi mini magana ba har muka wuce Mararaba. Ni kuwa ko a jikina, dama bakina ba ya da linzami, kowa ya sani.

Bayan wasu shekaru ciwon suga ya kayar da Inna. Yana ta rufe mata ido, sai inuwa-inuwa take gani, ga wani gyambo da ya fito mata a ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Garki, a hawa na ƙasa muke, ba wahalar bene. Ba zan yi ƙarya ba, ciwon yana wari. Safe da yamma nake wanke shi in naɗe da bandeji, kafin azahar ruwa ya tsattsafo. To sai me? Ƙafar da ta taka ta je rijiya da mu a baya ce. Yaya lokacin ya zama cikakken darakta. Yakan zo, ba na ce ba ya zuwa ba, amma a bakin ƙofa yake tsayawa, hankici mai turare a kusa da hanci kamar mai mura, ya gaishe ta daga nan, waya ta yi ƙara ya ce ana nemansa. Kayan abinci kam direba na kawowa buhu-buhu, sai ka ce buhu ne ya haife shi.

A wannan tsakanin jikar ta iso, kuma ita ce mota ta farko da ya saya sabuwa dal a ledarta. Doguwa ce baƙa, ba a murɗa mata makulli, maɓalli ake dannawa, injin kuwa sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Da kyamara mai nuna baya, da labule a gilashin ƙarshe, da kujeru farare kamar kindirmo. Wai har ɗumama mazaunai kujerun suke yi, a garin da bazara ke gasa mutum a tsaye. Koriyawa dai sun yi ƙoƙari, mota ta kai mota.

Akwai wata ɗabi'a tamu da har gobe take ba ni haushi. In mutum ya sayi mota sabuwa, ba ya cire ledar da kamfani ya rufe kujeru da ita, don kowa ya shaida ba tsohuwa 'yar Kwatano ba ce. A zauna ana ƙaras-ƙaras, gumi yana manne wa mutum shadda a baya, amma a daure. Yaya ya bar tasa har ta fara dusashewa. Ya kai motar ofis, ya kai ta ɗaurin aure, ya kai ta masallacin Juma'a. Gidana ne kawai bai kawo ta ba, sai ya zo a ta matarsa. Ranar da ya cire ledar kuwa da bakinsa ya ba ni labari a waya, murya har rawa take don daɗi: ya ɗauko babban ogansu daga filin jirgi, shi ya sa ya sa aka yage ta tas tun da safe.

"Kin san me ya ce? Ya ce ya zaci ta Jamus ce."

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Labari ba ya ɓuya, direba ya faɗa wa Inna garin gaisuwa. Rannan ina naɗe mata ƙafa ta ce, kamar zancen bai dame ta ba, "An ce yayanki ya yi sabon abin hawa."

Na ce haka ne.

"To, madalla. Aiki ya yi masa yawa, zai kawo."

Amma ta sa na wanke mata babban mayafinta na goge, ta ninke ta ajiye a gefen matashi. Duk motar da ta yi ham a waje sai ta juya kai wajen taga. Ina kallo, zuciyata tana tafasa. Tsohuwa ba ta gani, ba ta iya taka ƙafa sosai, ba ta roƙi kowa komai ba, abu ɗaya take jira.

Da likita ya ce mu je asibitin koyarwa a Gwagwalada a duba ko za a cire yatsun ƙafar, sai na kira Yaya. Ya ce zai turo bas ɗin ofis, ta fi faɗi, za ta fi sakewa.

"Ba faɗi take nema ba," na ce. "Motarka take jira, kai ma ka sani."

Ya fara kame-kame, wai hanyar akwai ramuka, wai motar ƙasa-ƙasa ce.

"Yaya, wallahi in ba ka zo da ita ba, tasi zan ɗauka in kawo Inna ofishinka, in zaunar da ita a gaban sakatariyarka da ƙafarta a buɗe. Ka san zan iya."

Ya san zan iya. Ya ce zai zo.

Da safe na yi mata wanka, ta sa mayafin nan, har da turare da kwalli a idon da ba ya gani. Da na ji tsayuwarsu na riga ta fita da jaka da fulas. Direba ya buɗe ƙofar baya yana sunkuye yana gyara wani abu, da ya gan ni ya kauce ya yi ƙasa da kai. Leda ce. Ba ta kamfani ba, wannan mai kauri ce irin wadda ake naɗo sabuwar katifa, an yanko ta da almakashi an shimfiɗa a kusurwar Inna tun daga majingina har ƙasa inda ƙafa ke sauka, an cusa bakinta a tsakiyar kujera. Ɗaya rabin, inda zan zauna, fata ce fara tas.

Yaya na gaba a kujerar mai zaman banza, kuma ranar kujerar ta dace da shi. Na leƙa ta tagarsa. Da Turanci na yi masa magana, ƙasa-ƙasa, don na ji takun sandar Inna a bayana. Na tambaye shi wannan wane irin wulaƙanci ne. Shi ma da Turanci ya amsa, ko kunya babu, wai farar fata tana shan ruwa, in ya shiga ba ya fita, wai na'urar sanyaya mota tana riƙe wari, gobe kuma yana da baƙi daga waje. Sannan ya ƙara da abin da har in mutu ba zan manta ba.

"Ai ba gani za ta yi ba."

Tir. Na juya zan fizge ledar in yi jifa da ita a kwata, amma na makara. Inna ta riga ta iso, direba ya kama mata sanda, hannunta ya sauka a kan kujera. Ƙaras.

Ta tsaya. Ta sake taɓawa. Sai fuskarta ta washe gaba ɗaya, irin washewar da na daɗe ban gani ba tun kafin ciwo.

"A ledarta take?" ta ce da ni. "Ikon Allah. Ashe bai buɗe ba. Kin gani ko, ke da gajen haƙuri. Jira yake in ji sauƙi."

Ta shiga ta zauna, na ɗaga mata ƙafar na sa a ciki, na zagaya na zauna a gefenta. Ta shafa ledar nan ta katifa da tafin hannu, a hankali, yadda ta shafa karan-miskin adaka. Ta yi addu'ar da ba ta taɓa yin mai tsawonta ba, ta roƙa masa tsari da rufin asiri da 'ya'ya masu jin ƙansa kamar yadda ya ji ƙanta. Direba yana amin da wata irin murya. Yaya ma amin yake cewa, idonsa a kan waya.

Sai ta tsunkuli ledar da yatsu biyu. "Bismillahi, bari in buɗe masa."

Nan ne ya waiwayo da sauri. "A'a Inna, bar shi haka. Kar ki yaga."

Ta saki tana dariya. "Ji rowa. To na bari, a ƙara kwana biyu ana gani."

Muka kama hanya. Motar shiru kamar ba tafiya ake ba, sanyi na ratsa mu, ni kuwa gumi nake. Ina ta roƙon Allah a zuciyata mu isa a haka, ta sauka da farin cikinta, ko na ƙarya ne. Mun wuce ƙofar gari mun miƙi titin filin jirgi, sai ta miƙo hannu tana laluben nawa, kamar yadda takan yi in tana jin daɗi. Hannun bai same ni ba, ya sauka a kan fata.

Na ga yatsunta sun tsaya. Suka matsa gaba, fata. Suka dawo baya har suka sami bakin ledar inda aka cusa, ta zaro shi kaɗan, ta bi yankan almakashin da ɗan yatsa, karkatacce. Ta miƙa hannu ta taɓa bayan kujerar da Yaya ke zaune, babu leda. Ta taɓa wurin ɗora hannu na tsakiya, babu. Ta sunkuya ta taɓa ƙasa wajen ƙafata, kafet ne mai laushi, ta taɓa wajen tata. Sannan ta mayar da bakin ledar inda ta same shi, ta cusa da kyau.

Ta sa hannu biyu ta ɗago ƙafar mai ciwo ta ɗora a kan gwiwarta, ta ja gefen mayafin nan da na goge ta naɗe ta, ta rungume. Mace mai shekarunta, da ciwon da ko taɓa shi aka yi sai ta cije leɓe.

"Inna, sauke ƙafar, za ta yi miki tsami."

"Bar ta," in ji ta. "Kar ta ɓata wa mutane mota."

Mutane. Na dubi ƙeyar Yaya ina jiran ya juyo, ya ce wani abu, ko da ƙarya ce. Yana ta danne-danne. Hanyar Gwagwalada ba kusa ba ce, ga manyan motoci, ga gosulo a mahaɗa, haka ta riƙe ƙafar nan, in na kai hannu zan taya ta sai ta ture. Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'uwana kamar ranar ba.

Da muka isa ƙofar asibiti na fito da ita, direba ya miƙo sanda. Yaya ya sauke gilashi rabi, ya ce yana da mitin, in mun gama in kira a zo a ɗauke mu. Inna ta gyara tsayuwa. Wannan karon ba bango ta kalla ba, ta juya fuskarta sosai wajen muryarsa, ta ɗan rusuna irin na wanda aka rage wa hanya.

"Mun gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

"Ba komai," ya ce, gilashi ya hau.

Ko a lokacin bai ji ba. Kafin mu kai inda ake karɓar kati na waiwaya, na hango direba yana ninke ledar, shi kuma ya fito yana jira a gama ya koma kusurwarsa.

Likita ya ce yatsu biyu za a cire, ya sa mana rana. Inna ta ce to, kamar an ce mata gobe Laraba. Da muka fito ban kira kowa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na tare mana wata tsohuwar tasi, kujerarta a yage, soso a waje, ƙasan duk ɓawon gyaɗa. Na zaunar da ita a baya. Ta laluba kujerar da tafin hannu tun daga wannan gefe har wancan, sannan ta kwance mayafin, ta miƙe ƙafarta.